Ramar da Ba Ta da Tsami

Gwaggo Haulatu ba ta yi boko ba, karatun allo ma iyakarta abin salla, amma a kan ganye babu mai ja da ita a duk unguwarsu ta Sule Tankarkar. Kawo mata tsiro mai kunne biyu wanda jiya ya fasa ƙasa, za ta murza shi a yatsa, ta sansana, ta ɗora a harshe, ta ce maka wannan lalo ne, wannan tafasa, wannan kuwa gasaya ce, a bar ta ta ƙara kwana goma. Ba ta da miji, ba ta da ɗa, ba ta da gidan kanta. Wannan sanin shi ne abinta, kuma ba ta ɓoye jin daɗinsa. In wata ta yi kuskuren kiran yakuwa rama a gabanta, sai ta yi mako tana ba da labari.

Ƙanwa ce ga Malam Abdulƙahhar, limamin masallacin unguwar, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta auri wani ɗan dako mai suna Nata'ala, wanda ke loda kanwa da shanu a manyan motoci a kasuwar Maigatari. Shekara ashirin da shida ta yi a gidansa. Ciki uku ta yi. Biyu suka zube, na ukun ta haife shi, ya kwana huɗu ya koma, bai ga suna ba. Nata'ala bai taɓa goranta mata ba, mutum ne da in ya dawo daga kasuwa ya ci tuwo sai barci.

A shekararta ta tara a Maigatari matar Malam ta farko ta rasu, ta bar yaro da bai isa yaye ba, mai suna Siddiq. Malam da kansa ya kawo shi, ya ɗora mata a cinya, ya ce, "Haulatu, ga ɗa Allah ya ba ki." Ta goya shi har bayanta ya yi kanta. Da ƙyanda ta kama shi kwana tara ba ta sauke shi ba sai don salla. Ita ta koya masa tafiya, ita ta yi masa jinyar kaciya, ita ke cire tsokar da ke cikin miyarta ta sa a tasa. Yana da shekara goma sha uku, Malam ya duba ya ga sabuwar matarsa mata kawai take haifa, ya kuma ji labarin yaron yana da kaifin hadda. Ran wata Alhamis ya shigo gidan ana tsakiyar cin kasuwa, ya ce a haɗa wa yaro kayansa.

Haulatu tana tsugune gaban murhu ta ɗago ta ce, "Yaya Malam, ai ka ce ka ba ni."

Ya ce, "Aro na ba ki."

Ta ninke masa riguna, ta ƙulla masa ƙuli-ƙuli a leda, ta raka su har bakin titi.

Bayan wasu shekaru wani bijimi ya matse Nata'ala a jikin ƙarfen tirela ana cikin lodi, kafin a kai shi asibiti ya cika. Tana fita takaba danginsa suka sayar da gidan. Ta dawo Sule Tankarkar da akwati ɗaya, tukwane biyu da ƙulle-ƙullen iri a tsumma. Malam ya ba ta ɗakin can ƙurya, kusa da turken awaki, wanda a da ake zuba ƙaiƙayi a ciki.

Tsakanin bayan ɗakin da katangar gidan akwai wani ɗan fili, tsawonsa taku goma sha biyu, faɗinsa bai wuce huɗu ba, ƙasa fara fat sai rairayi. Nan ta sa ƙarfinta. Ta kwashe kashin awaki ta zuba, ta kewaye da karan gero, ta haƙa 'yar hanya yadda ruwan alwala da na wanke-wanke zai riƙa gangarowa. Kafin damina biyu wurin ya zama garka: kuɓewa, yakuwa, alayyafo, gauta, barkono, kabewa ta hau rufin ɗaki, zogale biyu a kusurwa, sai rama layi uku. Da ramar take ci take sha. Kullum da hantsi za ta dafa, ta matse, ta kwaɗa da ƙuli da albasa da ɗan mai, matan unguwa su shigo da kwanukansu. Sabulunta da goronta da zanen sallarta duk daga nan suke fitowa, ba ta taɓa miƙa wa Malam hannu ba, shi ma bai taɓa tambaya ba.

A lokacin Siddiq ya zama magidanci. Yana da mata, Jannatu, yana koyarwa a Islamiyya, in Malam ba shi da lafiya shi ke jan salla. Allah ya ba shi murya, in yana karatu har mata kan dakata da daka su saurara. A gaban mutane gaisuwa kawai ke haɗa shi da Haulatu. Amma bayan azahar, in rana ta take gida ya yi tsit, sai ya zagayo bayan ɗakinta ya zauna a kan wani fasasshen turmi da ke kusurwar garkar, ya ce, "Gwaggo, a ɗan kwaɗa min mana." Da sauri za ta tashi. Kafin ta dawo da kwano wurin ya gauraye da wani hayaƙi mai ɗoyi, kamar an ƙona ɗanyar ciyawa. Ta ɗauka sigari ce irin wadda ake shigowa da ita ta kan iyaka. Ta san in Malam ya ji gidan ba zai zaunu ba, don haka sai ta riƙa hura 'yar wuta ta zuba busasshen kashin awaki, wai maganin sauro. Sau da yawa takan tarar ya buɗe wata 'yar takarda a gwiwa yana tsince wasu ƙwayoyi yana yarwa, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ba ta tambaya ba. Ita dai abin da ta sani, a duk gidan shi kaɗai ne ke tako ƙafa ya zo wurinta don ya zauna.

Ruwan shuka ya sauka a wata daminar, bayan mako guda ta ga tsiro uku sun fito a gindin turmin, inda ba ta shuka komai ba. Ta duƙa ta duba, ta ce gyauron rama ne, irin bara ne ya zuba. Ba ta cire gyauro, takan ce abin da Allah ya shuka da kansa ya fi naka albarka. Ta yi musu 'yar kunya, ta zuba taki.

Da suka kai gwiwa sai ta fara tsayawa a kansu. Ganyen kamar na rama, mai yatsu, bakinsa kamar zarto. Amma yatsun rama a haɗe suke a gindi kamar tafin hannu, waɗannan kuwa kowanne daban yake, bakwai siri-siri. Ta shafa karan ba ta ji ƙaiƙayin nan na rama ba. Ta tsinki ganye ta tauna, babu tsami ko kaɗan, sai ɗaci da wani ƙauri da ya maƙale mata a maƙogwaro. Ta tofar, ta tsaya riƙe da ƙugu. Shekara sittin da biyu a duniya, yau ga ganye a bayan ɗakinta ba ta san sunansa ba.

Siddiq ya yi 'yar tafiya a lokacin. Ran da ya dawo ya zagayo, yana ganin tsiron ya ja ya tsaya. Ya waiga hagu da dama, sannan ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Gwaggo, wa ya ba ki wannan?"

"Allah. Gyauro ne. Ka san shi ne?"

Ya goge ido da hannun riga ya ce, "Ramar Damagaram ce. Tsada gare ta. Ki riƙa ba ta ruwa sosai, kuma kar ki nuna wa kowa, a yi miki satar iri."

Ta ji daɗi, don ɗanta ya yaba abin garkarta. Amma maganar ba ta kwanta mata ba. Shekara ashirin da shida ta yi da mutanen Damagaram a Maigatari, maƙwabtanta ne, ta ci miyarsu sun ci tata, ba ta taɓa ganin rama marar tsami a tukunyarsu ba. Ta dai ci gaba da ba ta ruwa. Shi kuma in ya zo yakan tsinki kan ya zuba a aljihu, ya ce zai kai wa wani abokinsa mai basir.

Zancen kar ta nuna wa kowa shi ne abin da ta kasa. Rashin sanin ya hana ta sukuni. Da aka yi suna a Gagarawa, a gidan Hasanatu, 'yar ƙanwar mahaifiyarsu, ta ƙulle ganye biyu a bakin mayafi ta tafi da su. Bayan an ci abinci ta kwance a gaban tsofaffin da ke wurin. Wata ta ce rogo ne, Haulatu ta ce rogo a gidan wa. Wata ta ce ganyen rimi ne tun yana ƙarami. Wata tsohuwa marar haƙori ta sansana ta ce ko mene ne dai, ba na miya ba ne. Ta dawo gida da ɗan sanyi a rai, tunda ba ita kaɗai ce ba ta sani ba.

Da kaka ta gabato ramar gaske ta yi fure, fari-fari mai jan ciki, kamar kowace shekara. Baƙin tsiron kuwa sun wuce tsayinta, ba su yi fure irin na rama ba, sai wasu tukkaye masu danƙo, in ta taɓa warin ya wuni a hannunta ko ta wanke da toka.

Ran wata Litinin da safe Jannatu ta zagayo neman kuɓewa, wayarta a hannu. Haulatu ta ce, "'Yar nan, an ce wayoyin nan naku babu abin da ba su sani ba. Tambayar min su, wace irin rama ce wannan?"

Jannatu yarinya ce mai fara'a, ba ta da mugun nufi. Ta ce, "Gwaggo, tsaya a gefenta a ga tsawonta." Haulatu ta gyara ɗaurin kallabi, ta kama reshe ɗaya, ta yi murmushi har wawulonta ya bayyana. Jannatu ta ɗauka, ta tura wa zauren hira da matan unguwa suka buɗe a waya, ta rubuta a ƙasa cewa gwaggonsu ce ke tambaya.

Ko la'asar ba a kira ba Jannatu ta dawo, fuskarta ta sauya. Ba ta yi sallama ba. Ta wuce kai tsaye wurin tsiron, ta murza tukku ɗaya ta kai hanci. Haulatu na kallo ta ga ta ja da baya, kamar wadda ta hangi wanda ta sani a inda bai kamata ba.

"Me suka ce, 'yar nan?"

Jannatu ta dube ta. Ta juya ta tafi ɗakinta ta ja ƙofa.

Hoton kuwa ya riga ya fita daga hannun mata. Wata ta nuna wa mijinta, mijin ya tura wa abokansa, kafin magariba 'yan acaɓan tasha suna miƙa wa juna waya suna ƙyaƙyatawa.

Washegari da hantsi tana matse rama ta ji gidan ya cika da muryoyin maza. Mai unguwa ne da 'yan sintiri huɗu, Malam na gaba, Siddiq na bayansa, mutane kuma sun cika zaure, wasu sun hau katanga. Aka zagayo bayan ɗakinta. Malam ya nuna da sandarsa.

"Haulatu, mene ne wannan?"

"Rama ce, Yaya Malam. Ramar Damagaram."

Katanga ta ɗauki dariya. Babban 'yan sintirin ya ce, "Baba, daina raina mana hankali. Tabar wiwi ce. Har taki kin zuba mata."

Sunan ta san shi, kowa ya san shi. Ganyen ne ba ta taɓa gani a tsaye ba. A nan take komai ya haɗu mata: turmin, 'yar takardar, ƙwayoyin da ake yarwa, hayaƙin da ta yi shekara uku tana rufewa da kashin awaki, da dariyar nan ta riƙe ciki. Ta nemi Siddiq da ido.

Ta ce, "Siddiq ne ya ce min rama ce."

Ta dubi Malam, a idonsa ta gane ba yau ya sani ba. Uba ne, ɗaki ɗaya suke zama da ɗansa su yi karatu, hancinsa kuma lafiya lau.

Siddiq ya dafa ƙirji. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Gwaggo, ki ji tsoron Allah. Ni rabona da bayan ɗakin nan tun ina saurayi. Me na yi miki?" Muryar nan tasa mai daɗi har rawa take.

Malam ya juya wajen mai unguwa, ya yi magana a hankali yadda na kan katanga ma za su ji. "Jama'a, ku shaida ne. Matar nan shekara ashirin da shida ta yi a bakin iyaka, cikin direbobi da 'yan dako. Abin da ta koyo can ban sani ba. Zumunci ya sa na ba ta ɗaki. Yau ta ɗebo da zafi tana neman bakin da za ta zuba wa. Ku yi aikinku, ni ba na kare ɓarna ko a cikin gidana."

Aka yi ta cewa Allah ya saka wa Malam.

Tana da sauran magana. Tana iya cewa a laluba aljihun Siddiq, tana iya cewa a kira matarsa a ba ta Alƙur'ani. Ta ɗago za ta faɗa, idonta ya sauka a kan goshinsa, inda tabon ƙyandar nan yake har yanzu, guda uku a jere. Ta haɗiye. Daga nan ba ta ƙara ambaton sunansa ba.

Suka tumɓuke tsiron uku. Sannan suka ce wa ya san abin da ke ɓoye a cikin sauran, suka bi garkar da adda. Kuɓewa, gauta, barkono da ya fara ja, ramar da ke da fure, har zogalen da ba ruwansa suka sare. Kabewa huɗu da ke kan rufi aka jefo su ƙasa, wani ya fasa ɗaya da ƙafa wai ko an cusa wani abu a ciki. Aikin shekara takwas bai ɗauke su rabin sa'a ba. Suka ɗora mata tsiron a hannu, suka tsayar da ita a ƙofar gida, wayoyi suka yi sama.

Wani ya ce, "Baba, ɗaga sosai. Yi murmushi irin na jiya mana."

A bayan a-kori-kura aka kai ta Gumel, tana rungume da ganyen, mayafinta na zamewa ba hannun gyarawa. Aka shigar da ita ofishin masu yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Jami'in da ya karɓe ta dattijo ne mai furfura a gemu. Ya yi mata tambaya uku, ya duba tafin hannunta da leɓenta, ya dubi abokan aikinsa ya ce wannan ko a hanya ta tsinci abin ba ta san me ake yi da shi ba. Ya jawo kujera kusa da ita.

"Baba, abin nan ba ya faɗowa daga sama. Akwai mai zama a wurin yana sha yana yar da iri. Wane ne?"

Ta ce, "Awaki ne ke zama a wurin."

Ya yi dariya, ya girgiza kai, ya ce to sai wani nata ya zo ya sa hannu. Kwana biyu tana zaune a kan benci tana duban ƙofa. Daga Sule Tankarkar zuwa Gumel ba wata tafiya ba ce, Siddiq yana da babur, Malam yana da masu kai shi duk inda ya so. Babu wanda ya zo, babu wanda ya aiko da ko ƙwaryar fura. Ran Alhamis da yamma Ɗantsoho, mijin Hasanatu, wanda ya ga hoton a wayar wani a Gagarawa, ya zo ya sa hannu, yana yi yana ɓoye fuska.

Ta ce a mai da ita gida. Da suka isa ta tarar da akwatinta da tukwanenta a zaure, an ɗaure tabarmarta da igiya. Malam na zaune a kan buzu da littafi a gaba. Ta durƙusa ta gaishe shi. Bai ɗago ba.

"Gidan nan gidan karatu ne, Haulatu. Iyayen yara sun fara magana."

"Yaya Malam, a gidan nan aka binne cibiyata."

Ya juya shafi.

A zauren ta kwana. Jannatu ta fito da asuba za ta wuce, ta ajiye mata kofin koko a gefe, ta koma da sauri. Ran Juma'a da rana Ɗantsoho ya ɗauki akwatin, ita ta ɗora tukwanen a ka, suka nufi tasha. Matan da suka yi shekaru suna cin kwaɗonta suna leƙowa ta ƙofa, in ta dube su sai su ja labule. Wasu samari a kan babura suka bi ta a hankali suna cewa, "Gwaggo, akwai kaya? Gwaggo, a ba mu mai kyau!"

Suna zaune suna jiran mota ta cika, lasifikar masallaci ta buɗe da wa'azin da ake yi kafin salla. Muryar Siddiq ce. A kan shaye-shaye ya yi magana, yadda ya cinye samari, yadda ya shiga gidaje. Ya ce jarrabawar nan ba ta bar kowa ba, su ma ta shiga gidansu ta hannun wadda suke ganin girmanta, amma ba su rufe ba, domin gaskiya ta fi dangi. Wani fasinja da bai san wadda ke kusa da shi ba ya ce, "Kai, yaron nan ɗan halak ne." Haulatu ta gyara tukunyar da ke cinyarta.

A Gagarawa Hasanatu ta ba ta gefen ɗakin da ake ajiye buhuna. Labarin ya riga ta isa, don haka babu zancen sana'ar abinci, wa zai saya. Ta koma aikin ƙarfi a gidajen mutane: sussuka, casa, shiƙa, in kaka ta yi ta bi mata kaɗe riɗi. Ana biyanta da tiya ko rabin tiya. Akwai fili a bayan gidan, ya fi nata na da girma, Hasanatu ta ce ta shuka abin miya mana. Ta ce bayanta ba ya son duƙawa. Amma duƙawar sussuka tana yi daga safe har azahar.

Shekara biyu a haka Malam Abdulƙahhar ya rasu. Ba a aiko mata ba. A bakin wani direba ta ji, bayan an yi sadakar bakwai. Ta shiga ɗakin buhuna ta yi kukanta, don duk abin da ya yi, shi ne ya goya ta zuwa gona tana ƙarama.

Bayan arba'in sai ga Siddiq a kan sabon babur, da rawani, yanzu shi ne liman. Ta ji muryarsa yana sallama, taɓarya ta faɗi daga hannunta. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa, ta yi masa ta'aziyya, shi bai yi mata ba. Ya fito da takarda da ɗan kwalin tawada. Gonar mahaifinsu Haulatu da Malam ba a taɓa raba ta ba, tana da kaso a ciki. Ya ce so ake a haɗe gonar wuri ɗaya saboda marayu, ta dangwala yatsa kawai.

Ba ta yi musu ba. Ta miƙa babban yatsanta, ya kama ya danna a tawada, ya danna a takarda. Rabon da hannunsa ya taɓa nata har ta manta. Yana ninke takardar ta dube shi da kyau, ta ga ya rame, idanunsa sun yi ja, leɓensa ya yi baƙi. Ta sassauta murya.

"Siddiq, ka daina sha kuwa? Ka ga ƙirjinka tun kana yaro ba shi da ƙarfi."

Hasanatu na bakin murhu, taku biyar tsakaninsu, ta ji. Shi ma ya san ta ji. Ya sa takardar a aljihu, ya miƙe, ya yafito Hasanatu gefe, amma bai rage murya ba.

"Inna, sai kun yi haƙuri da ita. Abin nan da ta riƙa dafawa tana ci ya taɓa mata kai. Tun a gida ta fara, ta ce wannan ta ce wancan. Kar ku riƙa ɗaukar maganarta, kuma ku kula da yara a kusa da ita."

Ya ba Hasanatu goro da turmin atamfa, ya yi addu'a mai tsawo, kowa ya shafa. Ya tada babur ya tafi.

Hasanatu ba muguwa ba ce. Amma liman ne ya faɗa, da rawaninsa, a tsakar gidanta. Tun daga ranar ta daina barin Haulatu kusa da tukunya. In ta ɗauki wuƙa za ta yanka kuɓewa sai a karɓe a ce ta huta. In jikokin gidan suka zauna a cinyarta sai uwarsu ta kira su ta aike su. Maganar ta fita waje, gidajen da ke kiranta sussuka suka rage, don babu mai son tababbiya da taɓarya a tsakar gidansa.

Tana nan da ranta a Gagarawa, ta haura saba'in. Yawanci za ka same ta a bakin ɗakin buhuna, bayanta a jikin bango, ƙafafu a miƙe. Bara bayan kaka ta shaida wa Ɗantsoho cewa waken da aka jibge a ɗakin ya fara zafi, tana jin motsin ƙwari a ciki, a fito da shi a shanya. Ya ce, "To, Gwaggo," ya wuce. Ta faɗa wa Hasanatu, ita ma ta ce to. Da aka buɗe buhunan watan azumi rabi ya zama gari. Ɗantsoho ya tsaya a kansu yana salati, sannan ya ce wa matarsa a nemi kwaɗo a sa wa ƙofar, wa ya sani ko tsohuwar ce ke zuba musu ruwa.